Rabo na Gidan Kallon Maikuɗi

Talata Mafara,
Ranar Laraba.

Zuwa ga matata Bilkisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya ƙarfin jiki, ya ruwan zafi? Ki roƙar mini Iya ta riƙa barin ruwan wankan yana ɗan hucewa, don ni mata na kai Bakura, ba kaza ba. Ya mai sunan Inna, tana barin ki ki runtsa kuwa? Ki gaishe mini da Baba Malam da Iya da Yaya Asabe, ki ce ina yi musu sannu da ɗawainiya.

Ban taɓa zaton zan rubuta miki wasiƙa ba, amma tun da aka yanke layin waya a jihar nan, wayata ta koma tocila. Sallau direba ya ce zai riƙa miƙa miki duk ranar da ya yi lodin Bakura. Gona lafiya lau. Shinkafar Bakolori ta fitar da kai, ni da tsuntsaye muke ta fama.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne Khalifa ya dawo. Kin tuna shi, dogon nan da ya yi waƙa a bikinmu har ƙawayenki suka manta da akwai ango a wurin. Bayan shekarun da ya yi a Kaduna yana wannan hip-hop tasu, sai ga shi ya sauka gidan kawunsa, wai ya zo ya haɗa sabon albam a gida tunda nan babu wayar da za ta dame shi. Mutane na gudun gari saboda babu layi, shi kuma abin da ya kawo shi ke nan. Haka yake tun muna yara.

Har gona ya biyo ni, ya rungume ni da farar rigarsa alhali ina sharkaf da taɓo. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sannan ya ce albam ɗin a kan finafinan da muka kalla muna yara ne, kuma sunansa Rabo. Bilkisu, da na ji sunan nan sai da na nemi wuri na zauna.

Ke ba ki san Rabo ba, bari in ba ki labari. A bayan tasha da akwai gidan kallon wani mutum Maikuɗi, rumfar kwano ce da bencuna da talabijin ɗaya da janareto mai tari. Bayan la'asar muke cika wurin. Yana da finafinan Indiya da na 'yan Chana, amma akwai waɗansu kasakasai na 'yan sama jannati da manya ba sa so, don ba waƙa ba rawa, sai Turanci zalla. In aka sa su sai manya su watse a bar mu. Babu mai jin Turanci a cikinmu, sai ni na fara aron bakin mutanen ina faɗa wa yara abin da suke cewa.

A ɗaya daga cikin kasakasan akwai wani mutumin ƙarfe, dogo siriri, da fitila a goshi. Duk inda ya ɓullo a cikin kumbon sai Turawan su hau ihu suna cewa da Rabo, da Rabo. Ni kuwa na ce to ai ga sunansa nan sun faɗa. Akwai wani ɗaki da mutane ke barci a cikin akwatunan gilashi, sai Rabo ya riƙa bi ɗaya bayan ɗaya, ya haska fuska, ya tsaya, ya wuce. Na ce wa yara innarsa yake nema. Nakan kafa baki a gwangwanin madara in yi muryarsa: "Ni Rabo na, ɗan Mahwara. Wa ag ga Innata? Ku tashi ku hwaɗa min." Wasu su yi dariya, ƙanana su yi kuka. Bidiyon Maikuɗi ya taune ƙarshen kaset ɗin, saboda haka har muka girma babu wanda ya san ko ya same ta.

Ni na raɗa masa suna, ni na ba shi murya. Khalifa a gefena yake zama, bakinsa a buɗe, shi ne ma mai riƙe mini gwangwani. Kyaftin yake ce mini a lokacin.

Sai dai bai dawo shi kaɗai ba. Akwai wani Kamilu, mai haɗa kiɗa, da suka haɗu a Kaduna. Asalinsa ɗan Gidan Goga ne, amma tun da 'yan bindiga suka matsa musu iyayensa suka koma Maradun, daga can yake zuwa. Yana da tabarau da digiri da ladabi irin mai sa mutum haushi. Tare suka zo gonar, kuma ban ce ya yi mini komai ba. Amma muna tsaye a bakin gona na ji Khalifa ya waiwaya ya ce masa Kyaftin. Na ɗaga kai zan amsa, ashe ba da ni ake ba.

Da za su tafi Khalifa ya ce in riƙa leƙowa situdiyon da suke ɗaukar waƙa. Leƙowa, Bilkisu! Kamar maƙwabcin da ya ji ƙanshin miya.

Ki shafa mini kan mai sunan Inna. Ki sha kunun kanwa da kyau, ki rubuto mini ta hannun Sallau.

Naki har kullum,
Nasidi.


Talata Mafara,
Ranar Asabar.

Bilkisu tawa,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya jego, ya mutanen gida? Na ji daɗi da kika ce mai sunan Inna ta fara bin mutane da ido. Allah ya raya mana ita. Ina gaida Baba Malam da Iya, ina yi wa Yaya Asabe ban gajiyar dambun da ta aiko.

Takardarki ta iso. Na karanta inda kika ce kishi nake yi, har kika ja layi a ƙarƙashin kalmar. Na gode. Ni da na zaci za ki taya ni, ashe dariya kika samu abin yi. To ki saurari wannan, sannan ki sake yanke hukunci.

Na leƙa ɗin. Situdiyon wani ɗaki ne a bayan shagon kawun Khalifa. Sun manna kwalayen ƙwai a bango, sun jingina katifa a ƙofa, ga faifan sola a kan rufi tunda an hana sayar da mai a jarka. Kamilu na zaune gaban kwamfuta da wani abu a kunne, Khalifa na tsaye a bayansa ya dafa kafaɗarsa. Ba sa ma gama magana, ɗaya ya fara ɗaya ya gyaɗa kai. Ni aka ba ni kujerar roba a kusa da ƙofa.

Suka sa mini waƙa ta farko. Na shirya fuskata tsaf don in ce ba laifi, amma abin ya fi ƙarfin ba laifi. Mutumin nan ya je Bakolori ya ɗauko ƙarar ruwa lokacin da ake buɗe ƙofar dam, ya mai da ita ƙarar tashin kumbo. Ya ɗauko tarin injin ban ruwa ya sa a ƙarƙashin kalangu. Ni da nake kwana da tashi da waɗannan ƙararraki ban taɓa jin kiɗa a cikinsu ba, shi zuwa ɗaya ya ji. Sai Khalifa ya shigo da baitinsa:

Muna kan benci, idonmu na sama,
Rumfar kwano ce kumbonmu, ba mu san ƙasa ba.

Tsigar jikina ta tashi. Na ji ƙanshin hayaƙin janareton Maikuɗi a hancina. Kuma a daidai lokacin na ji kamar in ɗauki kwamfutar in wurga a rijiya, don me ya sa abin zai yi kyau haka babu ni a ciki?

Da ma a nan aka tsaya. Sai Kamilu ya ce ai tun suna Kaduna ya nemo fim ɗin Rabo cikakke, yana cikin kwamfutarsa, ko zan so in gani. Khalifa ya ce a'a a bari, amma ni da bakina na ce a sa. Shekara da shekaru ina son ganin ƙarshen nan.

Aka sa. Ga Rabo nan kamar jiya, da fitilarsa. Turawa suka fara ihunsu, ni kuwa ban san lokacin da na ce kun ji ko, da Rabo. Sai Kamilu ya tsayar da fim ɗin, ya gyara tabarau, ya ce a cikin ladabin nan nasa wai ba suna ba ne, robot suke cewa, wato mutum-mutumi, duk wani ƙarfe mai tafiya haka ake kiransa. Bai tsaya nan ba. Ya ce iskar shaƙa ce ta kusa ƙarewa a kumbon, shi kuma ƙarfen yana bin akwatunan ne yana zaɓen waɗanda zai kashe don iskar ta ishi sauran. Haska fuskar da yake yi, duba wanda ba shi da amfani yake yi. A ƙarshe ma turo shi suka yi waje ta wata ƙofa, ya tafi yana juyawa a cikin duhu. Na gani da idona.

Khalifa ya yi wata 'yar dariya. Wataƙila ta kunya ce, wataƙila ta rasa abin faɗa ce, amma dariya ce kuma na ji ta.

Na miƙe na ce musu ni ban yi wa kowa ƙarya ba, abin da na gani na faɗa, kuma yaran Mafara sun yi kuka a kan nawa, ban sani ba ko akwai wanda ya taɓa kuka a kan nasu. Na ce tunda sun sami mai Turanci, su sa wa albam ɗinsu Robot su bar mini Rabona. Na ture katifar na fita. Khalifa ya biyo ni har titi yana kira, kuma ko a lokacin Nasidi ya ce, bai ce Kyaftin ba.

Yanzu ki faɗa mini, wannan kishi ne ko cin fuska? Kada ki amsa da sauri.

Ki shafa mini kan mai sunan Inna. Allah ya ƙara lafiya.

Mijinki,
Nasidi.


Talata Mafara,
Ranar Litinin.

Bilkisu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da mai sunan Inna da su Iya baki ɗaya. Ni ma lafiya, sai ciwon bayan yankan shinkafa. Alhamdu lillahi an samu, tsuntsaye ba su ci rabona ba.

Kin ce duka biyun ne, kishi da cin fuska, amma kishin ya fi yawa. Na ji. Kin kuma ce in je in saurari Khalifa. Ban je ba. Ya zo gida na ce wa maƙwabta su ce na fita, ya zo gona na shige bayan tarin shinkafa har ya gaji ya tafi. Na san ba aikin babba ba ne, ba sai kin faɗa ba.

Shekaranjiya hanya ta bi da ni ta bayan shagon kawunsa. To, ni na bi da kaina. Ta taga na ji ana muryar Rabo a gwangwani. Kamilu ne. Yana cewa wa ya ga Innata da Hausar littafi, tsaf-tsaf kamar mai karanta labarai. Na tsaya jikin bango ina saurare. Ya ƙwace mini aboki, ya ƙwace mini suna, ya kashe mini Rabo, yanzu kuma yana sanye da rigar gawar.

Kuma tunda ke ce, bari in faɗa miki wanda ya fi wannan. Ba Kamilu kaɗai nake jin haushi ba. Tare muka fara waƙa da Khalifa, ni nake shirya baiti shi yana maimaitawa. Da ciwon Baba ya yi tsanani aka rasa mai riƙe gona, na zauna, shi ya hau mota. Ban yi nadama ba, don da na tafi da ban same ki ba. Amma in na ga yara a tasha suna rera waƙarsa, sai in riƙa jin kamar wani ya fito daga masallaci ya zura takalmana ya tafi da su, ni kuma ina tsaye ina yi masa Allah ya kiyaye hanya.

Kin yi wata tambaya a ƙarshen takardarki, wai me ya sa na ce innarsa yake nema, ban ce matarsa ko dukiya ba. Wannan wace irin tambaya ce? Yaro ne ni a lokacin, abin da ya zo bakina na faɗa. Gaskiya ne Inna ta rasu a shekarar sanƙarau, kafin Maikuɗi ya kawo kasakasan da kaɗan. Aka ɗauke ta zuwa asibiti ina makarantar allo, kuma saboda ciwon mai yaɗuwa ne ba a bar ni na ga fuskarta ba. Amma wannan daban, fim daban. Ke dai jego ya ba ki lokacin tunani da yawa.

Na tsaya nan, biro yana yi mini gardama. Ki shafa mini kan mai sunan Inna.

Naki,
Nasidi.


Talata Mafara,
Ranar Talata.

Zuwa ga Bilkisu, uwar ɗakina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da begen ganinki, ya jiki, ya sanyin da ya fara saukowa? Ina fata ana rufe mai sunan Inna da kyau. Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga Baba Malam da Iya da Yaya Asabe, kuma wannan karon akwai roƙo a bayan gaisuwar, za ki ji shi a ƙasa.

Ki yi haƙuri da shirun da na yi, dashen albasa ne ya sha kaina, sannan ga abin da ya faru.

Ina sunkuye a cikin fangalin albasa ranar Alhamis sai na ga inuwar mutum. Kamilu ne, shi kaɗai. Ya yi sallama, ya yi gaisuwa har ya tambayi jego, sannan ya cire takalmi ya naɗe wando ya ɗebi iri ya shiga. Na zuba masa ido ina jira ya ɓata mini layi in samu abin faɗa. Bilkisu, mutumin nan ya fi ni saurin dashe. Na manta ɗan ƙauye ne. Ko a gonata ma sai da ya nuna mini iyawa.

Da muka zauna shan ruwa ya ce ya zo ne ya ba ni haƙuri, kuma da gangan ya sa fim ɗin nan. Ya ce tun ranar da ya san Khalifa, babu zaman da za su yi bai ji sunana ba. In ya kawo kiɗa, sai a ce Nasidi zai so wannan. In ya kawo shawara, sai a ce da Nasidi ne da kaza zai ce. Ya ce shi a Gidan Goga ya tashi, bai taɓa shiga gidan kallo ba sai da ya girma, ba shi da benci ba shi da Maikuɗi, kuma garin da zai yi wa irin wannan waƙa ma yanzu ba ya iya kwana a cikinsa. Yana haɗa kiɗa ne a kan ƙuruciyar wasu. Da ya gan ni sai ya ji yana son ya rage mini tsawo a idon Khalifa ko da kaɗan ne. Har ya ce mini, "Kai ad da Rabo, ni Turanci kawai gare ni."

Kin san abin da na ji? Daɗi. Allah ya yafe mini, wani sanyi na ji har tafin ƙafa, cewa ashe shi ma yana kwana da irin ciwona. Daga baya ne tausayi ya zo, kuma bai kai daɗin yawa ba.

Ya ce albam ya tsaya. Tun farko Khalifa ya tsara cewa muryata ce za ta buɗe kowace waƙa da labarin Rabo, waƙar ƙarshe kuma ni zan faɗi yadda ya ƙare. Nauyin baki ne ya hana shi tambayata kai tsaye, yana ganin kamar zan ce ya tafi ya bar ni sannan ya dawo cin moriyata, shi ya sa ya ce in riƙa leƙowa. Kin ji sakarci. Da na yi fushi Kamilu ya gwada muryar, Khalifa ya ce a goge. Ya rantse in ba ni ba, sai dai a fasa, alhali ƙarshen wata zai koma Kaduna.

Washegari na je. Ni da Khalifa ba mu yi wata doguwar magana ba, ya miƙo mini gwangwanin madara da ya huda da kansa, ni kuma na ce masa ya rame. Aka tsayar da ni gaban makirfo, Kamilu ya ɗaga hannu alamar in fara.

Babu abin da ya fito. Na buɗe baki sai in ga ƙarfen nan yana zaɓen wanda zai kashe. Na ce ni Rabo na, na ji muryar kamar ta mai tallan magani. Muka gwada har aka kira la'asar. Ga shi an ba ni abin da nake ta haƙilo a kai, ga makirfo ga aboki yana jira, ni kuma babu Rabo a bakina. Na zauna a kujerar robar nan kunya kamar ta kashe ni.

Khalifa ne ya ce ai da can ba bango nake yi wa magana ba, yara ne a gabana, masu yarda da duk abin da na ce. Ya ce ko a tara yaran unguwa. Na ce yaran yanzu sun ga komai a waya, kafin in rufe baki za su gyara mini Turanci.

A hanyar gida tambayarki ta dawo mini, wadda na ce jego ne ya sa ki yi. Na tuna ranar suna a Bakura, da Yaya Asabe ta miƙo mini yarinyar a zaure a gaban mutane, na sunkuyar da kai na ce a mai da ita ciki, don 'yar fari ce kuma ga sunan da ta ci. Ko fuskarta ban duba da kyau ba. Na tsaya cak a bakin titi har wani mai babur ya zage ni. Bilkisu, na san yadda labarin ya ƙare. Rabo tsohuwa yake nema, shi ya sa ya yi ta wucewa. Akwatin ƙarshe ƙarami ne, bai taɓa tunanin ya haska ciki ba.

Ga roƙon. Ranar Juma'a da hantsi za mu zo Bakura a motar Sallau, ni da Khalifa da Kamilu da na'urarsa, mu juyo da wuri saboda hanya. Ki lallaɓa Iya ta ba mu ɗakin Yaya Asabe na ƙuryar gida. Ki kawo mini yarinyar ki ɗora mini a cinya. Na san za a ce mijin Bilkisu ba shi da kunya, ya ɗauki 'yar fari a gidan surukai yana yi mata surutu a gwangwani. A faɗa. In Baba Malam ya tambaya, ki ce aiki ne na Kaduna. Kada ki damu wai ba ta jin Hausa tukuna. Ni ma ban ji Turanci ba, kuma ban rasa abin da na fahimta ba.

Abu ɗaya kuma. In kin kawo fura, ki fara miƙo mini kafin Kamilu, kuma in ya yi abin dariya ba dole ne ki yi ba. Har yanzu Khalifa Kyaftin yake ce masa, na ji da kunnena jiya, kuma har yanzu abin yana yi mini ciwo. Na dai bar masa. Ya riƙe kumbon, ni na san abin da ke cikin akwatin.

Sai mun zo in Allah ya yarda. Ki gaida kowa da kowa.

Ki shafa mini kan Hindu. Kin ga na rubuta. Ranar Juma'a zan faɗa da baki.

Mijinki mai begenki,
Nasidi.